Kada ki kashe garwashin: yadda mai gashi a gida za ta reni irin lambu ya rayu

A watan Oktoban bara wani abokina da muka yi makaranta tare ya kira ni, ya ce in daure in leƙo gidansa a Gyadi-Gyadi, ta bayan Court Road, wai uwargidansa tana da ƙara a kan masu sayar da iri. Da na je ya shigar da ni tsakar gida, muka gaisa, sai ta nuna min robobin bota guda takwas a jere jikin bango. Kowacce cike take da ƙasa, kuma a cikin kowacce tsiron tumatir ne kwance kamar an bi shi da reza. Ta ce, "Malam, wannan ne karo na uku. Na sayi na leda, na sayi na gwangwani, duk haka suke yi. Su fito kyawawa, kwana huɗu biyar sai su zube. Ko dai jabu ake sayar mana, ko kuma baki ne."

Na tsuguna na zaro tsiro ɗaya na nuna mata gindinsa. Daidai inda kara ya haɗu da ƙasa ya tsuke ya zama kamar zare, ya yi ruwa-ruwa, ya yi launin ƙasa-ƙasa. Ganyen kuwa kore shar, babu abin da ya same shi. Na tambaye ta inda ta ɗebo ƙasar, ta ce a lungun bayan gida kusa da kwata, ta haɗa da kashin kaji da maƙwabciya ta ba ta. Na ce, "Hajiya, irin da ya tsiro ai ya fita laifi. Ƙasar ce ta kashe shi."

Ita wannan baiwar Allah sana'arta gashi. Tana yin kek da cincin da fanke tana kai wa masu shaguna a titin Zariya, wajejen Asibitin Malam Aminu Kano. Muna cikin magana aka sauke tukunyar kek ta ƙarshe, garwashi na nan jajir a kurfoti, yarinyarta ta ɗauko ruwa a kofi za ta kashe. Na ce ta dakata. Maganin matsalar da ta ci mata kuɗin iri sau uku yana cikin wannan garwashin da ake shirin zuba wa ruwa. Wannan shi ne abin da nake so in yi bayani a yau, domin gidaje irin nata suna da yawa a Gyadi-Gyadi da Tarauni da Unguwa Uku da Darmanawa: tsakar gida ƙarama ce an shafe ta da siminti, ruwa sai an saya wajen 'yan garuwa, amma kusan kullum ana hura wuta ana gashi.

Abin da ke kwantar da tsiro

Cutar da ta kama tumatir ɗin nan ana iya kiranta ruɓewar gindin tsiro. Wasu ƙananan halittu ne dangin fumfuna da ke zaune a cikin ƙasa suke jawo ta, waɗanda masana suka fi ambata su ne Pythium da Rhizoctonia da Fusarium. Ido ba ya ganinsu. Suna son ƙasa mai jiƙe koyaushe, da wurin da iska ba ta ratsawa, da tsiron da aka shuka a cunkushe. Babban tumatir mai ƙwarin kara yana iya zama da su ya rayu, amma jariri ɗan kwana biyar fatar kararsa ba ta yi ƙwari ba, cikin dare ɗaya suke cinye ta. Wani lokaci ma tun iri bai huda ƙasa ba suke ruɓar da shi, sai a ce iri bai fito ba, a koma shago ana faɗa da mai kaya.

Tsiron da ya riga ya kwanta ba ya tashi, ko me aka fesa masa. Saboda haka aikin duk na riga-kafi ne.

Ƙasar lungu da ta bakin kwata da ta bola su ne suka fi ɗauke da wannan cuta. Na san za a ce ai kakanninmu da takin bola suka yi noma. Gaskiya ne. Bature mai bincike Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin gonakin kewayen Kano a shekarun 1960, ya rubuta yadda jakuna ke shigowa birni da itace su koma ƙauye da taki, kuma da wannan takin ne ƙasar Kano ta daɗe tana ciyar da jama'a masu yawa ba tare da an bar ta ta huta ba. Amma wancan taki gona ake kai shi tun da rani, rana ta gasa shi wata da watanni kafin a shuka gero da dawa. Bolar yau kuma akwai batir da leda da ruwan omo da abin da ba a faɗa. Ba ita ce shimfiɗar da za a kwantar da jaririn tumatir a kai ba.

A gasa ƙasa kamar yadda ake gasa kek

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A shekarun 1930 wasu ma'aikata biyu a cibiyar binciken tsirrai ta John Innes da ke Ingila, William Lawrence da John Newell, sun gaji da yadda tsirran gwajinsu ke mutuwa a tukwane. Suka yi ta gwaji har suka tsayar da haɗin ƙasar reno: kashi biyu ƙasa mai kyau, kashi ɗaya ruɓaɓɓen tsiro mai riƙe ruwa, kashi ɗaya yashi, kuma ƙasar sai an turara ta da zafi kafin a haɗa. Har yau ana sayar da ƙasar reno da sunan wannan cibiya a can. Ma'aunin da aka fi bi shi ne ƙasa ta kai zafin digiri 82 a ma'aunin Salshiyas, ta zauna a haka minti 30. Wannan zafi yana kashe fumfunar da muka ambata, da tsutsar da ke sa saiwar tumatir ta yi ƙululu, da ƙwan ƙwari, da mafi yawan irin ciyawa.

Ke da kike gasa kek a digiri 170 zuwa 180, kin ga 82 ba wani zafi ba ne. Ragowar wutar da kika gama aiki da ita ta isa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya san yadda gas da gawayi da fulawa suka yi, don haka ba zan ce kowa ta hura sabuwar wuta saboda ƙasa ba. A yi amfani da wadda aka riga aka biya kuɗinta.

Ga haɗin da nake ba mutane a nan Kano. Kwano biyu na jar ƙasa ko ƙasar gona mai laushi, daga wurin da ba a taɓa shuka tumatir ko barkono ba in da hali. Kwano ɗaya na takin shanu ko na awaki da ya ruɓe sarai, wanda in kin damƙa yake marmashewa, ba ya wari, ba ya ɗumi. Kwano ɗaya na yashi mai tsakuwa-tsakuwa, irin na gini, ba mai laushin nan da ke daskarewa ba. Wadda za ta iya samun buntun shinkafa da aka ƙona ya yi baƙi bai zama toka ba, ta sa shi a madadin rabin yashin, yana sa ƙasa ta yi sako-sako. A tankaɗe duka da rariya mai manyan ido a fitar da dutse da leda. Kashin kaji ɗanye kada ya shiga ko kaɗan, gishirinsa da zafinsa suna ƙona saiwa.

Sai a yayyafa ruwa a cakuɗa. Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne ginshiƙin aikin. Busasshiyar ƙasa ba ta isar da zafi cikinta, gefe zai ƙone tsakiya na nan da sanyi. Tururin ruwan ne yake ratsawa ya yi kisan. Jiƙon da ake so shi ne irin na garin dambu kafin a ɗora: in kin dunƙula ya dunƙulu, in kin matsa ruwa ba ya ɗiga, in kin taɓa da yatsa ya watse.

Daga nan ya danganta da abin da kike gashi da shi.

Mai kurfoti da tukunyar yashi ta sami tsohuwar tukunya da aka daina girki da ita, ta zuba ƙasar kada kaurinta ya wuce faɗin yatsu biyar, wato wajen santimita 10. Ta binne ɗan ƙaramin dankalin Turawa, kamar girman ƙwai, a tsakiya, ta rufe da murfi ta ɗora a kan ragowar garwashi. Idan dankalin ya nuna har cokali mai yatsu ya shige shi, ƙasa ta yi. Dabara ce ta tsofaffin masu lambu, kuma ga wadda ba ta da ma'aunin zafi ban san wadda ta fi ta ba.

Mai tsohon madambaci ta fi kowa sa'a. Ta shimfiɗa tsumma, ta zuba ƙasar, ta ɗora a kan tukunyar ruwa kamar za ta yi dambu ko alkubus. Daga lokacin da tururi ya fara fitowa ta saman ƙasar a ƙirga minti 30. Ni wannan hanyar na fi so, saboda ƙasa ba ta ƙonewa a cikinta.

Mai obin na gas kuwa ta bari sai ta fitar da gashin ƙarshe ta kashe wuta, zafi ya ɗan sauka, sannan ta saka ƙasar a tsohon faranti mai zurfi a rufe ruf. Amma gaskiya ba na son a saka haɗin da ke da taki a cikin obin ɗin da ake gasa abincin sayarwa. Warin gasasshiyar ƙasa yana kama wuri, kuma mai sayen kek ba zai yi miki uzuri ba. In obin kaɗai gare ki, gasa ƙasar da yashin a ciki, takin kuma a turara shi daban a waje. Masu tanderun gurasa, irin wanda matan Jakara suka shahara da shi, zafinsa ya wuce misali lokacin aiki, sai a jira ya huce sosai a zura tukunyar a rufe bakinsa.

Akwai kuskuren da ni kaina na taɓa yi farkon fara aikina. Na ɗauka in zafi kaɗan yana da amfani to mai yawa ya fi, na bar ƙasa a wuta fiye da awa biyu har ta bushe ta canza launi. Na shuka tattasai, ya fito, amma ya tsaya cak, ganye ya yi rawaya, bakinsa ya ƙone. Dalili shi ne in zafi ya wuce kima ƙasa takan saki wasu sinadarai, irin su manganis da amoniya, da yawan da ke cutar da ƙaramin tsiro, kuma halittu masu amfani ma duk sun mutu. Ana so a kashe mugaye ne a bar ƙasa da ranta. In kin ji ƙauri, an wuce wuri.

Bayan an sauke a bar ta a rufe ta huce, a ba ta kwana biyu ko uku kafin shuka. Kada a juye ta a ƙasan tsakar gida, kada a ɗebe ta da shebur ɗin da aka kwashe shara da shi. Robobin da za a zuba ta a wanke su da sabulu a shanya a rana. Waɗanda tsiro ya taɓa mutuwa a cikinsu a jiƙa su a ruwan bilic, kashi ɗaya bilic kashi tara ruwa, na rabin awa, a ɗauraye. In ba haka ba an yi wanka an koma cikin tsofaffin kaya.

Tukunya da madambacin da suka taɓa ƙasa da taki sun bar kicin ke nan har abada. A yi musu alama.

Kayan da ke hannunki, da waɗanda ake zuzutawa

Yashin da ke gindin tukunyar gashinki ya sha wuta sau ba adadi, babu wani abu mai rai a cikinsa, don haka in za ki canza shi kada ki zubar, ya shiga haɗin reno kai tsaye. Sharaɗi biyu ne. Kada ya zama wanda mai ko bota ya zuba a ciki. Sannan wasu matan gishiri suke shimfiɗawa a madadin yashi, wasu kuma suna haɗa su. In akwai gishiri ko kaɗan ne, nesa da shuka.

Toka ita ce aka fi yi min gardama a kanta. Tana da amfani, akwai sinadarin kalsiyam da fotash a cikinta, amma babu naitirojin, wanda shi ne abincin ganye. Kuma tana da kaifi irin na kanwa, shi ya sa ake tace ruwanta a yi girki da shi. Wannan kaifin a cikin ƙaramar roba yana hana saiwa shan wasu sinadaran, sai tsiro ya yi fari-fari. A ƙasar reno ba na sa toka sam. A adana ta a busasshen wuri, in an yi dashe shuka ta kama, a barbaɗa cikin tafin hannu ɗaya a buhu guda a cakuɗa da ƙasar sama. Kada a haɗa ta da yuriya ko ɗanyen taki a lokaci ɗaya, naitirojin ɗin zai bi iska. Tokar da aka ƙona leda ko katako mai fenti a cikinta kuma bola ce wurinta.

Ɓawon ƙwai ma haka. Mai yin kek tana tara shi da yawa, kuma a Facebook da TikTok ana ta yaɗa cewa shi ne maganin baƙin da ke fitowa a gindin 'ya'yan tumatir. Gaskiya ne ɓawon yana ɗauke da kalsiyam mai yawa, kuma gaskiya ne wannan baƙin yana da alaƙa da ƙarancin kalsiyam a cikin ɗan tumatir. Sai dai ɓawo yana daɗewa ƙwarai bai narke a ƙasa ba, kuma yawanci kalsiyam ɗin yana nan a ƙasar, ban ruwa ne ba ya tafiya daidai, yau a cika gobe a manta, sai shuka ta kasa jan shi zuwa 'ya'ya. A busar da ɓawon a ragowar zafi, a daka ya zama gari, a zuba cikin takin da ake tarawa. Zai yi amfani a hankali. Baƙin gindi kuwa maganinsa ban ruwa a kan lokaci.

Kiret ɗin ƙwai na takarda ramukansa ba su da zurfi, kuma da iskar hunturu kafin azahar ya bushe. Zai iya riƙe latas sati biyu, amma tumatir da zai yi sati huɗu ya fi ƙarfinsa. Abin da ya fi su ne robar bota, da gwangwanin madara, da ledar fiya wata da aka yanke bakinta. Kowanne a huda masa ƙofofi huɗu ko biyar a gindi. Robobin Hajiyar Gyadi-Gyadi ko ɗaya ba a huda ba, ruwa yana kwance a ƙasansu, wannan ma ya taimaka wa cutar.

Buhun fulawa mai kilo 50 kuwa shi ne gonar gaba ɗaya. A naɗe bakinsa zuwa rabi, a huda gindi da gefe, a cika da ƙasa da taki. Tumatir ɗaya ko attarugu ɗaya a buhu ɗaya, domin kowanne yana son ƙasar da ta kai cikin bokitin fenti babba. Rana tana cin buhun, da wuya ya wuce shekara, amma ai wani yana tafe.

Inda ƙulli ke tashi

Duk mai kwaɓa fulawa da yis ta san halin hunturu. Ƙullin da ke tashi cikin awa ɗaya a watan Afrilu sai ya yi awa uku a Janairu yana zaune. Yis abu ne mai rai, ya fi aiki a ɗumin da ke tsakanin digiri 25 da 35, sanyi yana sa shi kasala, ruwan da ya yi zafi da yawa kuma yana kashe shi. Iri ma haka yake. Tumatir ya fi tsirowa tsakanin digiri 20 da 30, cikin kwana biyar zuwa takwas. Attarugu da tattasai sun fi shi son ɗumi, kuma ko da ɗumin attarugu yakan yi kwana goma zuwa sati uku. A daren Disamba da Janairu sanyin Kano yana sauka ƙasa da digiri 15, sai iri ya kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa mai sanyi, in ya daɗe ya ruɓe.

Ke kin riga kin san wurin da ƙullinki ya fi tashi a gidanki: lungun kicin, ko kusa da bangon da obin ke jingine, ko gefen tanderu bayan an gama aiki. Nan za ki ajiye robar attarugu da daddare, a rufe da leda ko tsumma. Kusa da wurin ɗumi ake nufi, kada a ɗora a kan abin gashin. Gwajin shi ne bayan hannunki: in kin ɗora kin ji ɗumi irin na jikin mutum, ya yi. Kuma don Allah kada a shigar da kurfoti mai garwashi ɗakin kwana a rufe ƙofa saboda shuka ko saboda sanyi, hayaƙinsa marar wari yana kisa.

Da zarar kin ga kan tsiro ya fara huda ƙasa, a cire leda a fitar da shi haske a ranar. In ya ƙara kwana biyu a duhu zai yi tsawo siriri kamar taliya, kuma irin wannan ba ya ƙarko. Latas shi akasin haka ne, zafi ne ke hana shi tsirowa, don haka a ajiye shi wuri mai sanyi, a barbaɗa shi a sama-sama kada a binne.

Yadda kike gwada yis a ruwan ɗumi da sukari kafin ki zuba a fulawar mudu biyar, haka za ki gwada iri. Ƙirga ƙwaya goma, nannaɗe a jiƙaƙƙen tsumma, saka a leda a wurin ɗumi. Bayan sati ɗaya ga tumatir, sati biyu ga barkono, buɗe ki ƙirga. In takwas sun fito iri lafiya lau. In uku ne, to yanzu kina da hujjar komawa shago. A duba ranar lalacewa a jikin leda kafin a biya kuɗi, kuma a guji wanda aka shanya a rana a kan tebur. Giram ɗaya na irin tumatir yana da ƙwaya wajen 300, gidan da ke da buhu goma ba ya buƙatar gwangwani, mata uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su raba ƙaramar leda. Tsofaffin nau'o'i irin su UC82B da Roma VF ana iya cire irinsu a sake shukawa. Wanda aka rubuta F1 a jikinsa haɗin aure ne, 'ya'yansa ba sa gado iri ɗaya, kuma yawancin manyan tumatir masu kyau da za ki gani a kasuwa ba ki san ko wane ne ba.

Shukar kanta ba ta da wuya. Zurfin rabin gaɓar yatsa, ƙwaya biyu a leda, in sun fito a bar mai ƙarfi. Ban ruwa da safe, da gwangwanin da aka huda wa ƙananan ƙofofi, ko a tsoma gindin robar a faranti mai ruwa ta sha daga ƙasa. A bar saman ƙasa ya ɗan sha iska kafin a ƙara. Ruwan wanke-wanke mai omo ko mai maiƙo ba na reno ba ne, amma ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi babu laifi ga manyan shuka. Ranar safe ta fi, zuwa wajen ƙarfe sha ɗaya, sannan a ƙara musu lokaci a hankali.

Abokan gaba a cikin gari su ne kaji da ƙadangaru da ɓeraye da yara. Tsohon gidan sauro da aka daina kwana a ciki, a wanke shi a ɗinke ɓulolinsa a kifa a kan robobin, yana tare ukun farko. Yana kuma rage farin ƙuda da ke ɗauko cutar nannaɗewar ganye, da malam-buɗe-littafin tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina a 2016. Na huɗun kuwa sai dai a ba kowane yaro ledarsa ya rena, in ba haka ba za su tone su duba ko ya fito.

Tumatir yana isa dashe a sati uku zuwa huɗu, in ya yi ganye na gaskiya huɗu ko biyar. Kabeji wajen sati huɗu, tattasai da attarugu sati biyar zuwa bakwai, albasa sati shida zuwa takwas. Sati ɗaya kafin dashe a rage ruwa a ƙara rana don su yi ƙwari. A dasa da yamma, a yaga ledar kada a zare tsiron. Karas da kuɓewa ba sa son dashe, a shuka su inda za su zauna.

Me ya kamata a rena, kuma yaushe

A nan ne nake saɓa wa masu cewa kowa ya shuka tumatir a gida ya huta da cefane. Lokacin da tumatir ya fi yi a Kano shi ne a yi reno daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, ya yi fure cikin sanyi. In aka makara har furensa ya faɗa zafin Maris da Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40, furen zubewa yake yi. To amma wannan lokacin ne kuma manoman Kadawa da Kura da Garun Malam, masu shan ruwan madatsar Tiga, suke yin nasu. Naki zai nuna a Janairu da Fabrairu, daidai lokacin da kwanduna suka cika Kwanar Gafan da 'Yan Kaba, tumatir ya fi kowane lokaci araha. Tsadar kuwa sai daga Mayu zuwa cikin damina. Wato buhu biyar na tumatirin hunturu zai ba ki daɗin ci da sanin ruwan da aka ba shi, amma ba shi ne zai rage miki kuɗin cefane sosai ba.

Attarugu ne ke biyan wahalarsa. In ya sami inuwar rana tsaka da ruwa a kan kari, yana iya wuce shekara a buhu yana ba da 'ya'ya, har cikin watannin da yake tsada. Mai yin gurasa bandashe ko samosa ko fanke mai yaji ta san nawa take kashewa a kansa. Bayansa sai ganyen albasa, da alayyahu da ake yanka sati huɗu bayan shuka ya sake tohowa, da latas a hunturu, da zogale guda ɗaya a lungu in akwai wurin da ba siminti. Mai son tumatirin damina ta nemi nau'in da aka rubuta yana jure zafi da ruwa, ta yi reno a Mayu ƙarƙashin rumfa, ta sani kuma cutar gindin tsiro ta fi ƙarfi a lokacin, gasa ƙasa ya zama dole.

Akwai kuma kasuwar da mutane ba su lura da ita ba, ita ce sayar da dashen kansa. Mutane da yawa suna son shuka a gida amma reno ne ke kayar da su. Hajiyar da na ba da labarinta ta turara ƙasa a tsohon madambaci ranar da na je, ta sake shuka ragowar irin nan da ta ce jabu ne. Da na koma bayan sati huɗu na tarar da ledoji sun fi sittin a ƙarƙashin gidan sauro, buhunanta kuma guda shida ne kacal. Ta ce, "Malam, yanzu kuma ya zan yi da sauran?" Na ce ta ɗora su a tire ɗaya da kek ta aika wa matan layinsu, ta faɗa musu su dasa da yamma, kuma kada wadda ta zuba toka sai bayan sati biyu.